Koyar da Dabarun Binciken Jinya ga Ɗaliban Gyaran Ƙashin Baya

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi nazarin yadda ake koya wa ɗaliban wata sana'ar warkarwa dabarun bincike, da kuma dalilin da ya sa wannan koyarwa ta fi wuya a wurinsu fiye da yadda take a sauran makarantun kiwon lafiya. Sana'ar kuwa ita ce wadda ake kira kairofaratik a Amurka da Turai. Kalmar ta samo asali ne daga kalmomin Girkanci guda biyu, ɗaya tana nufin hannu, ɗaya kuma aikatawa, watau dai aikin da ake yi da hannu. A nan za mu riƙa kiran ta gyaran ƙashin baya, mai yin ta kuma mai gyaran baya. Kada mai karatu ya ɗauka ɗori ake nufi. Shi maɗori karaya yake haɗawa ko ya gyara targaɗe. Mai gyaran baya kuwa ba ruwansa da ƙashin da ya karye. Yakan kwantar da mutum a kan wani gado na musamman, ya ɗora hannu bisa wata gaɓa ta ƙashin baya ko ta wuya, ya danna ta da sauri sau ɗaya, har sau da yawa a ji ta yi ƙara irin wadda yatsu suke yi idan an lanƙwasa su.

Abin da ake nufi da binciken jinya shi ne binciken da ake yi a kan majinyata su kansu, domin a gano ko wata hanyar magani tana aiki, ga wa take aiki, kuma wace illa take iya jawowa. Ra'ayin da wannan takarda za ta kare shi ne cewa ƙididdiga da rubuta kundi ba su ne ginshiƙin wannan darasi ba. Ginshiƙinsa shi ne ɗalibi ya saba da tuhumar abin da hannunsa ya ji da abin da idonsa ya gani, kuma babu kayan koyarwa da suka fi dacewa da wannan aiki kamar tarihin sana'ar kanta da gwaje-gwajen da aka yi mata, musamman waɗanda sakamakonsu bai yi mata daɗi ba.

2. Gadon da Ɗalibi Yake Tararwa

Wanda ya kafa wannan sana'a shi ne Daniel David Palmer, haifaffen Kanada, wanda ya zauna a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka yana warkarwa ta hanyar shafa jiki, bisa imanin cewa akwai wani irin maganaɗisu a jikin ɗan Adam. Bisa ga labarin da shi Palmer ya bayar, ran 18 ga Satumba, 1895 ya duba wani mai sharar ginin da ofishinsa yake ciki, mai suna Harvey Lillard, wanda ya shekara 17 ba ya ji sosai. Ya ce ya sami wata gaɓa a bayansa ta goce, ya danna ta ta koma, sai ji ya dawo. A kan wannan ne ya gina ra'ayinsa na cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka 'yar gocewar gaɓoɓin baya ce take kawo su, domin tana matse jijiyoyi ta tare wani ƙarfin rai da yake gudana a cikinsu. Ya buɗe makaranta a 1897, daga baya ɗansa B. J. Palmer ya karɓe ta ya bunƙasa ta.

Likitocin Amurka ba su yi maraba da wannan baƙuwar sana'a ba. A 1906 an ɗaure Palmer a kurkuku bisa laifin yin aikin likita ba da lasisi ba, kuma mabiyansa da yawa sun sha irin wannan ɗauri bayansa. A 1963 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta kafa wani kwamiti na yaƙi da likitancin ƙarya, wanda babban aikinsa shi ne ganin bayan masu gyaran baya. Sai a 1974 ne jihar Louisiana, wadda ita ce ta ƙarshe, ta amince ta ba su lasisi.

Wannan tarihi ya haifar da abubuwa biyu da malamin bincike zai yi fama da su. Na farko, makarantun sun tashi ne su kaɗai, nesa da jami'o'i, suna dogara da kuɗin da ɗalibai suke biya, ba su da ɗakunan gwaji kuma ba su da masu bincike. Hujjar da suka saba da ita ita ce shaidar wanda ya ce ya warke. Na biyu, mutanen da suka daɗe ana farautar su sukan ɗauki duk mai neman hujja a matsayin abokin gaba. Ɗalibin da ya tambayi malaminsa yadda aka tabbatar da 'yar gocewa yana iya zama kamar ya ci amanar waɗanda suka shiga kurkuku domin sana'ar.

Al'amura sun fara sauyawa a 1975, lokacin da Cibiyoyin Kiwon Lafiya na Amurka suka shirya taro a Bethesda domin duba matsayin bincike a kan danna ƙashin baya, aka tarar binciken da ake da shi bai isa a yanke hukunci ba. A 1978 aka fara buga mujallar bincike ta sana'ar wadda ake taƙaita sunanta da JMPT. Akwai kuma ƙarar da Chester Wilk da abokansa suka kai Ƙungiyar Likitoci a 1976, wadda mai shari'a Susan Getzendanner ta yanke a 1987, ta sami ƙungiyar da laifin haɗa baki domin ƙaurace wa masu gyaran baya. Ya kamata a karanta wa ɗalibai wannan hukunci, domin kuwa mai shari'ar ba ta ce gyaran baya yana warkarwa ba. Dokar hana danniya a kasuwanci ce aka karya, ita aka yi hukunci a kanta. Cin nasara a kotu daban, tabbatar da magani daban.

3. Labarin Lillard a Matsayin Darasi na Farko

A ganina, ranar farko ta darasin bincike ba ta buƙatar allo cike da lambobi. A ba ɗalibai labarin Lillard, wanda kowannensu ya riga ya haddace, a ce su karanta shi kamar rahoton majinyaci guda da wani baƙo ya kawo musu. Wa ya auna jin Lillard kafin a taɓa shi, kuma da wane ma'auni? Wa ya sake aunawa bayan wata guda ko shekara guda? Kurame nawa aka danna wa baya daga baya ji bai dawo ba? Sannan a buɗe littafin sassan jiki, a ga cewa jijiyar ji daga cikin kunne take tafiya zuwa ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai, ba ta ratsa ƙashin baya ko kaɗan. Daɗin daɗawa, 'yar Lillard ta ba da labarin ta wata fuska daban da ta Palmer. Ba ana neman a ƙaryata mamaci ba ne. Ana so ne ɗalibi ya gane cewa rahoton mutum guda tambaya yake tayarwa, ba ya iya amsa ta.

Daga nan sai a shiga abubuwan da suke yaudarar duk mai warkarwa, komai gaskiyarsa. Yawancin ciwon baya na farat ɗaya yakan yi sauƙi da kansa cikin 'yan makonni, ko an yi magani ko ba a yi ba. Bayan haka, mutum ba ya zuwa neman magani sai ranar da ciwo ya kai maƙura, kuma ciwon da yake hawa yana sauka, idan aka same shi a ƙololuwa, abin da ya fi yiwuwa shi ne gobe ya ragu, sai a yaba wa duk wanda ya taɓa shi jiya. Ga kuma tasirin sa rai, domin taɓawar hannu da sauraro da ƙarar gaɓa duk suna sa mutum ya ji sauƙi na ɗan lokaci. Abu na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne cewa wanda bai ji daɗin gyara ba yawanci ba ya dawowa ya faɗa, wurin wani yake tafiya. Saboda haka mai gyaran baya yana iya shekara 30 yana aiki bai ga kowa ba sai waɗanda suka gamsu, ya kuma rantse da zuciya ɗaya cewa hannunsa bai taɓa kuskure ba. Hausawa suka ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Wannan kuwa bai tsaya ga masu gyaran baya ba, likitoci ma sun yi ƙarnuka suna tsaga jijiya suna zubar da jinin marasa lafiya bisa irin wannan tabbaci.

4. Awon Hannu

Darasi na biyu a ɗakin koyon aiki ya kamata a yi shi. Dukan sana'ar ta dogara ne ga cewa mai gyara yana iya lalubawa da yatsu ya gano gaɓar da ta ƙage. To, wannan abu ne da ɗalibai za su iya gwadawa da kansu cikin yini guda. A kawo mutane, a sa ɗalibai biyu su laluba kowanne, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da sun ga abin da juna suka rubuta ba, sannan a kwatanta.

A nan ne ƙididdiga take shigowa da kanta, ba sai an tilasta ta ba. Mu ɗauka an duba mutum 100, kowane ɗalibi ya ce 80 daga cikinsu suna da gaɓar da ta ƙage a tsatso, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan mutum 70. Ɗaliban za su yi murna, su ce ai 70 cikin 100 ba laifi. Sai malami ya nuna musu cewa da a ce ba su taɓa kowa ba, kowanne ya zauna a gida ya yi canke yana cewa i sau 80, a'a sau 20, da bakinsu ya zo ɗaya a kan mutum 68 ta hanyar dace kawai: 64 inda duka suka ce i, da 4 inda duka suka ce a'a. Ke nan abin da yatsunsu suka ƙara bai wuce mutum 2 ba daga cikin 32 da suka rage. Wannan shi ne ma'aunin kafa wanda Jacob Cohen ya fito da shi a 1960, kuma a wannan misali bai wuce 0.06 ba, alhali cikakkiyar daidaituwa 1 ce. Ɗalibin da ya fitar da wannan lissafi daga aikin hannunsa ba zai manta da shi ba. Masu binciken da suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje sun sami cewa masu laluba motsin gaɓa ba safai suke daidaita da juna ba, amma sun fi daidaita idan abin da ake nema shi ne wurin da majinyaci yake jin zafi in an danna.

Haka nan hoto ma yana yaudara. A 1994 Maureen Jensen da abokan aikinta suka ɗauki hoton maganaɗisu na tsatson mutum 98 waɗanda ba sa fama da ciwon baya. Kashi 36 cikin 100 ne kawai aka tarar dukan faya-fayan guringuntsin da suke tsakanin gaɓoɓinsu lafiya lau. Kashi 52 suna da faifan da ya kumburo, kashi 27 kuma nasu ya turo waje. Duk mai nuna wa majinyaci hoto yana cewa ga abin da yake damun ka, ya kamata ya san waɗannan alkaluma.

5. Gwajin Ƙuri'a

Hanyar da ta fi kowace ƙarfi wajen gano ko magani yana aiki ita ce a raba majinyata rukuni biyu ko fiye ta hanyar ƙuri'a, a yi wa kowane rukuni abu daban, a auna su da ma'auni ɗaya. Amfanin ƙuri'a shi ne ta hana mai bincike zuba masu sauƙin ciwo a rukunin da yake so ya ci. Gwajin da aka fi kafa misali da shi shi ne wanda Majalisar Binciken Magunguna ta Ingila ta buga a 1948 a kan maganin tarin fuka, wanda Austin Bradford Hill ya tsara rabonsa. Sai dai ga mai gyaran baya akwai wata matsala ta musamman. Ƙwayar magani ana iya yin ta kwaikwayo da sukari, majinyaci da likita duk ba su sani ba. Hannu fa? Mai gyara dole ya san ko gyaran gaske ya yi ko na kwaikwayo, kuma wanda aka taɓa yi wa gyara yakan gane bambanci. Hanya mafi kyau ta koyar da wannan ita ce a ɗora wa ɗalibai takardun gwaji na ainihi su feɗe su.

A fara da wadda za ta faranta musu rai. A 1990 Thomas Meade da abokansa suka buga gwaji a British Medical Journal a kan mutum 741 masu ciwon baya a Ingila, waɗanda aka raba tsakanin masu gyaran baya da sassan asibiti na masu zuwa su koma. Bayan shekara 2 waɗanda suka je wurin masu gyara sun ɗara da kimanin maki 7 cikin 100 a ma'aunin Oswestry, wanda yake auna yadda ciwo yake hana mutum harkokinsa. Masu sana'ar sun yi ta yayata wannan sakamako. Amma a tambayi ɗalibai: me aka kwatanta da me? Ɗakin magani mai zaman kansa, inda aka fi yawan ganin majinyaci, aka kwatanta da asibitin gwamnati mai cunkoso, kowa ya san inda aka tura shi, kuma ba duka aka samu aka sake aunawa ba. Gwajin ya nuna wurin da ya fi gamsar da mutane, bai iya ware tasirin dannar kanta ba.

Sai a kawo na Daniel Cherkin, wanda aka yi a yankin Seattle aka buga a New England Journal of Medicine a 1998. Mutum 321 aka raba uku: gyaran baya, motsa jiki irin na tsarin McKenzie, da kuma ɗan littafin bayani kawai. Rukunan farko biyu sun tashi kusan kunnen doki, kuma da kaɗan suka fi masu littafi. Kuɗin da aka kashe wa kowane mutum cikin shekara 2 ya kama dala 429 ga gyara, 437 ga motsa jiki, 153 ga littafi. Amma fa kimanin kashi 75 na rukunan farko sun yaba da kulawar da suka samu, alhali a masu littafi kimanin kashi 30 ne suka yaba. A nan ɗalibi zai ga cewa gamsuwa da warkewa abubuwa biyu ne, kowanne da ma'auninsa.

Gwajin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne na Jeffrey Balon da abokansa a Kanada, shi ma na 1998, domin da hannun masu gyaran baya aka yi shi. An ɗauki yara 91 masu ciwon asma, 'yan shekara 7 zuwa 16, dukansu suna ci gaba da shan maganinsu. An yi wa rabi gyaran gaske, rabi na kwaikwayo, har wata 4, ana auna ƙarfin numfashinsu da safe. Rukunan biyu duk sun ce sun ji sauƙi, amma ba a sami wani bambanci tsakaninsu ba. Da babu rukunin kwaikwayo, da an buga cewa gyaran baya yana maganin asma, kuma da wata uwa a wani wuri ta ajiye wa ɗanta abin shaƙarsa.

Akwai wasu gwaje-gwaje biyu da suka dace a karanta su tare, a kan jariran da suke yawan kuka saboda abin da ake ɗauka murɗar ciki ce. A na Denmak na 1999 iyaye sun san abin da aka yi wa jariransu, kuma su ne suke rubuta awowin kuka, sai sakamako ya nuna gyara ya rage kuka. A na Norwe na 2001 ma'aikaciyar jinya ce take karɓar jariri ta shiga da shi ciki, iyaye ba su san ko an gyara shi ko an rungume shi ne kawai na minti 10 ba. Jarirai 32 cikin 46 da aka gyara sun sami sauƙi, 24 cikin 40 da aka rungume su ma sun samu, watau kimanin kashi 70 da kashi 60, tazarar da dace kaɗai yana iya kawo ta a rukuni ƙanana irin waɗannan. Da wuya a sami misalin da ya fi wannan nuna amfanin ɓoye wa mai awo abin da aka yi.

Kada a bar ɗalibi ya fita da tunanin cewa sana'arsa ba ta da komai. Wani nazari da aka buga a 2019, wanda ya tattara gwaje-gwaje 47 masu mutum 9,211, ya nuna danna ƙashin baya yana taimaka wa ciwon baya mai daɗewa daidai da sauran hanyoyin da likitoci suke ba da shawara. Wani na 2017 ya sami ragin kimanin maki 10 cikin 100 a ciwon farat ɗaya. Amfani ne matsakaici, a kan ciwon baya, kuma shi ya sa Kwalejin Likitocin Amurka ta sa shi cikin hanyoyin da ba na ƙwaya ba a shawarwarinta na 2017.

6. Binciken Illa

Akwai tambayar da gwajin ƙuri'a ba ya iya amsawa, watau ta illar da ba safai take aukuwa ba. An daɗe ana samun rahotannin mutanen da jijiyar jinin da take bi ta ƙashin wuya zuwa ƙwaƙwalwa ta tsage bayan an murɗa musu wuya, har ya kai ga shanyewar jiki ko mutuwa. Abin yana da ƙarancin aukuwa ƙwarai, ta yadda gwajin mutum 1,000 zai iya ƙarewa bai ci karo da ko ɗaya ba. Saboda haka sai a bi ta baya: a tattara waɗanda abin ya sama, a kwatanta su da makamantansu masu lafiya, a ga wa ya je ina kafin ranar.

Haka David Cassidy da abokansa suka yi a lardin Ontario, suka buga a 2008. Sun sami mutum 818 masu irin wannan shanyewa, kuma a cikin 'yan ƙasa da shekara 45 waɗanda abin ya sama sun ninka sauran wajen sau uku a zuwa wurin mai gyaran baya. Sai dai an sami irin wannan dangantaka da zuwa wurin likitan unguwa, wanda ba ya murɗa wuyan kowa. Fassarar da suka yi ita ce tsagewar jijiyar ce take fara kawo ciwon wuya da ciwon kai, su kuma su kai mutum neman magani. Wasu masana sun soki binciken da cewa lambobin rajistar asibiti da aka dogara da su ba su tantance masu tsagewar jijiya sosai ba, kuma a 2014 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa sanar da majinyaci wannan dangantaka kafin a taɓa wuyansa. Ɗalibi zai so ya riƙe rabin farko na wannan labari ya saki na biyu. Aikin malami shi ne ya hana shi, ya kuma nuna masa cewa ko da fassarar Cassidy ce daidai, nauyi bai sauka daga kansa ba, domin tana nufin wata rana mai tsagaggiyar jijiya zai shigo masa da kukan ciwon wuya, kuma dole ya gane shi ya tura shi asibiti.

7. Wa Zai Koyar, Kuma a Ina?

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. A Denmak, tun 1994 ake horar da masu gyaran baya a jami'ar da take Odense, inda suke ɗaukar yawancin darussan digirin farko tare da ɗaliban likitanci. A Afirka ta Kudu, inda aka fara horon a Durban a 1989, kundin bincike yana cikin sharuɗɗan kammala karatu. A Amurka kuwa, daga 2005 Cibiyoyin Kiwon Lafiya suka riƙa ba wasu makarantu tallafi domin su haɗa gwiwa da jami'o'in da suka ƙware a bincike, kamar yadda kwalejin Palmer ta yi da Jami'ar Iowa, kuma babban ɓangare na aikin ya tafi ne wajen horar da malamai kafin ɗalibai.

Tilasta kundi yana da amfaninsa, amma yana da haɗari wanda duk ɗalibin shekarar ƙarshe ya sani. Mai gaggawar fita yakan tara mutum 20 ko 30, ya raba su biyu, ya ga duk sun sami sauƙi, ya rubuta cewa hanyoyin biyu suna aiki, alhali bai sa rukunin da za a auna su da shi ba. Ya sami digiri, ya kuma koyi mummunar ɗabi'a. Yawancin ɗalibai ba masu bincike za su zama ba. Abin da suke buƙata shi ne su iya mayar da matsalar majinyaci tambaya mai sassa huɗu, watau wane irin majinyaci, wace hanya, a kwatanta da me, wane sakamako ake nema, sannan su nemo takarda su auna nauyinta. Wannan shi ne tsarin jinya bisa hujja da David Sackett da Gordon Guyatt suka yaɗa daga Jami'ar McMaster a farkon shekarun 1990.

Dalilin da ya sa fara horar da malamai ya zama daidai shi ne cewa ɗalibi ya fi koyi da wanda yake tsaye a kansa a ɗakin duba majinyata. Idan malamin aji ya koya masa ma'aunin kafa da safe, da la'asar kuma mai kula da shi ya ɗora yatsa a bayan majinyaci ya ce ga gocewar nan, ji ta, to na la'asar zai bi, domin shi ne mai sa hannu a takardarsa kuma shi ne ya ga yana tara jama'a. A 2010 Majalisar Kula da Masu Gyaran Baya ta Birtaniya ta bayyana cewa babu hujjar binciken jinya da take goyon bayan cewa 'yar gocewa tana haddasa cuta. A wannan shekara ce kuma ƙungiyar masu sana'ar ta Birtaniya ta janye ƙarar ɓata suna da ta kai marubuci Simon Singh, wanda ya soki da'awar warkar da asma da kukan jarirai a wata maƙala ta 2008. Duk da haka sana'ar ba ta zama baki ɗaya ba, akwai makarantun da suka mayar da gocewa darasin tarihi, akwai kuma waɗanda suka riƙe ta a matsayin tushe.

Akwai kuma batun abinci, wanda littattafan koyar da bincike ba su cika taɓa shi ba. Ɗalibin da ya fita da bashin karatu a kansa, ya buɗe ɗakin magani, zai tarar cewa wanda yake gaya wa lafiyayyen mutum ya riƙa zuwa gyara kowane mako har ƙarshen rayuwarsa, ya kuma kawo 'ya'yansa, ya fi samun kuɗi a kan wanda yake cewa ciwonka zai lafa cikin 'yan makonni, ga motsa jikin da za ka yi a gida. Saboda haka ina ganin jarrabawar wannan darasi a gaban majinyaci ya kamata a yi ta. A kawo wa ɗalibi uwa da ɗanta mai asma, tana roƙon a gyara masa baya domin ya huta da magani, mai jarrabawa ya koma gefe ya saurari abin da ɗalibin zai ce mata.